Jirgin ƙasa na tebur: Kafin a sayi kan jirgi na biyu, a fara sayen wayar wuta mai kauri

Duk wanda ya taɓa leƙa inda ake sayar da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, a shago ne a Landan ko Hambag, ko kuwa a intanet, ya ci karo da maganar da ake tallata tsarin DCC da ita: wayoyi biyu kacal za a jona, sai jirage goma su yi ta kai-komo a layi ɗaya, kowanne da gudunsa. Maganar tana da gaskiya, amma gaskiyarta ba ta wuce ɗan da'irar layin nan da ke zuwa cikin kwalin farko ba. Ranar da mai shi ya ƙaro dogo ya zagaye ɗaki da shi, ya sa tasha da wuraren sauya layi, sai jirgin ya fara halinsa: ya rage gudu a can ƙarshen tebur, fitilarsa ta riƙa ƙifta ido, sautin injin ya yanke ya dawo. Yawancin sababbin shiga sai su ɗora laifin a kan jirgin, su sayi wani, ko su canza na'urar sarrafawa. Kuɗi ya tafi, matsala tana nan inda take, a ƙarƙashin tebur.

Ga wanda bai san harkar ba, sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Jamus da Ingila da Amurka da Japan, inda manya, ba yara kaɗai ba, ke gina ƙaramar duniya a kan katako, da duwatsu da gadoji da tashoshi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, wato kashi ɗaya cikin 87 na girman jirgin gaske, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon biyu milimita 16.5 ce. A Ingila an fi amfani da OO, kashi ɗaya cikin 76, a kan layi mai faɗi iri ɗaya. Mafi shahara cikin irin waɗannan gine-gine shi ne Miniatur Wunderland da ke Hambag, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, tsawon layinsa kuma ya haura kilomita 15. Masu ziyara jirage da gidaje suke gani. Abin da ke riƙe da wurin yana aiki daga safe har dare shi ne wayarin da ke ɓoye.

Jirgin tebur ta ƙafafunsa yake shan wuta. Ƙarfen dogo na dama da na hagu su ne wayoyin da ke kai masa lantarki. A tsohon tsari, wanda ake kira DC, ana murɗa makunni ne a ƙara ko a rage ƙarfin wutar tsakanin sifili da bolt 12, jirgi ya yi sauri ko ya lafa, in an juya kan wutar kuma ya koma da baya. Illarsa ita ce duk jirgin da ke kan layin umarni ɗaya zai bi. Mai son jirage biyu su yi tafiya daban-daban dole ya yanka layin gida-gida, ya raba kowane yanki da roba, ya ja masa wayarsa zuwa allon makunnai. Babban tebur a wancan zamani ƙarƙashinsa kamar saƙar gizo yake.

Wannan wahalar ce ta sa kamfanoni neman mafita. Hornby na Ingila ya fito da Zero 1 a 1979, mai iya sarrafa kawunan jirgi 16. Märklin na Jamus ya biyo da nasa tsarin a tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya zama gama-gari shi ne wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ɓullo da shi, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990 da sunan DCC. A nan wuta tana kan layi a kowane lokaci, kimanin bolt 14 zuwa 16 a ma'aunin HO, tana juya kai sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma tsawon kowane juyi shi ne saƙon: gajere na nufin 1, dogo na nufin 0. Kowane kan jirgi na ɗauke da ɗan allo da ake kira dikoda, mai lambarsa, yana sauraron saƙon da aka aiko da wannan lamba ya ƙyale sauran. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ta kuma raba mutane da allon makunnai. Sai dai ta zo da wani nauyi da ba a cika faɗa wa mai saye ba.

Ƙaramar na'urar DC ta cikin kwali ba ta cika wuce amfiya ɗaya ba, kuma jirgi ɗaya take ciyarwa. Ita kuwa na'urar da ke tura wutar DCC, wadda ake ce wa busta, amfiya 3 zuwa 5 take bayarwa, wasu ma fiye, domin duk jiragen da ke kan tebur, masu tafiya da na tsaye, da fitilun taragai, daga wuri ɗaya suke sha. Sannan wayar da ke ɗauke da wuta ita ce dai ke ɗauke da umarni. A DC idan haɗin ya yi rauni jirgi ya ɗan rage gudu ne kawai. A DCC yankewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba tana iya sa dikoda ta mutu ta sake tashi, sauti ya koma farko, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar gada.

Sai kuma shi kansa ƙarfen dogon. Da wani haɗin ƙarfe ake yinsa, na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ake laƙaba wa sunan azurfa duk da babu ko ɗigonta a ciki. An zaɓe shi ne saboda ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe, kuma launinsa ya yi kama da dogon gaske. Wajen wucewar lantarki kuwa malalaci ne: turjiyarsa ta ninka ta jan ƙarfe fiye da sau goma. Ƙari a kan haka, layin guntu-guntu ne. Dogon Peco mai lanƙwasuwa, alal misali, milimita 914 ne tsawon kowane guda, ana haɗa shi da na gaba da wani ɗan maɗaurin ƙarfe da ake zura wa bakin biyun. Aikin wannan maɗauri shi ne ya daidaita ƙarafan kada ƙafar jirgi ta yi tuntuɓe. Ranar farko yana wuce da wuta lafiya lau. Bayan an fesa fenti, an zuba tsakuwa an jiƙa ta da gam, zafi da sanyi sun yi ta miƙa ƙarfen suna tsuke shi, sai ya saki jiki, datti ya shiga tsakani. Layin da wutarsa ke bi ta maɗaurai ashirin kafin ta kai ƙarshe, wurare ashirin ke nan da za ta iya maƙalewa, kuma ba a ganin wanda ya lalace da ido.

Maganin da tsofaffin hannu suka daɗe da yarda da shi ba shi da wani ƙawa. Ana shimfiɗa manyan wayoyi biyu na jan ƙarfe a ƙarƙashin tebur, su bi layin duk inda ya nufa. Su ne uwar waya. Daga jikinsu ake ɗauko gajerun wayoyi sirara, a huda katako a fito da su, a liƙa su da dalma a gefen kowane guntun dogo. Kowane guntu, ba kowane na uku ko na biyar ba. Ta haka babu wani yanki da ya dogara da maɗauri wajen samun wuta. Siraran babu laifi su zama sirara matuƙar gajeru ne, kamu ɗaya ko makamancinsa.

Lissafin ba shi da wuya, kuma shi ne ke raba gardama. A ɗauka ƙarshen layin yana da nisan mita 10 daga busta. Wuta za ta je ta dawo, mita 20 ke nan. Siririyar wayar da kaurinta bai wuce murabba'in milimita 0.22 ba, irin wadda sababbin shiga ke so saboda saukin lanƙwasawa, turjiyarta a wannan nisa ta kai kusan om 1.6. Idan jirage suna jan amfiya 3 ta cikinta, kusan bolt 5 sun zube a hanya, daga cikin 14. Wayar milimita 2.5, irin ta soket ɗin gida, turjiyarta a nisan nan om 0.14 ce, abin da zai zube bai kai rabin bolt ba. Duk mai haɗa sola a Kano ko Maraɗi da ya taɓa ganin fankar bolt 12 tana juyawa kamar mai jin barci saboda an ja mata siririyar waya daga wancan ɗaki, ya riga ya san wannan darasi. A wutar bolt 230 asarar bolt biyar ba a ma jin ta. A ƙaramar wuta kuwa kashi ɗaya cikin uku ne ya tafi.

Rage gudu abin haushi ne kawai. Haɗarin yana wani wuri. A jirgin tebur haɗuwar wuta, wadda masu wayarin ke ce wa shot, abu ne na yau da kullum: tarago ya sauka daga layi, ƙafar ƙarfe ta taɓa dogo biyu, wani ya manta sukundireba a kan hanya. An ƙera busta ta yanke wuta nan take idan abin da ake ja ya wuce iyakarta. Amma ba ta da ido, yawan abin da ke fita daga jikinta kawai take aunawa. Busta mai amfiya 5 a kan bolt 14 ba za ta ga shot ba sai turjiyar hanyar gaba ɗaya ta yi ƙasa da om 2.8. To a haɗa om 1.6 na siririyar wayar nan da wani om ɗaya da rabi na dogo da gajiyayyun maɗaurai. Abin da zai gudana amfiya huɗu da rabi ne. A wurin busta wannan aiki ne na yau da kullum, kamar dai jirage da yawa ne ke tafiya, don haka za ta ci gaba da turawa. Wat 60 da ɗoriya ke nan ke zama zafi, fiye da abin da ƙaramin ƙarfen liƙin mai gyaran rediyo ke ci, kuma zafin yana taruwa ne a wuri mafi rauni: maɗaurin da ya saki, ko siraran wayoyin da ke cikin kan jirgin. Robar ƙafafu ta narke, jirgin da aka saya sama da fam 200 ya lalace, kuma duk wannan yana faruwa ne a kan katako da soso da busasshiyar ciyawar roba. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne siririyar waya ita ke hana na'urar kariya yin aikinta.

Shi ya sa gwajin da ya fi kowanne muhimmanci a harkar nan ba ya buƙatar na'ura. Ana ɗaukar tsabar kuɗi na ƙarfe, a ɗora shi a kan dogo biyun yayin da wuta ke kunne. A Amurka da kwabon santi 25 ake yi. Busta ta yanke nan take, ba tare da an danna kwabon da ƙarfi ba. A bi layin kaf ana maimaitawa, musamman lungunan da suka fi nisa. Inda ta yi jinkiri ko ta ƙi yankewa, wurin yana buƙatar ƙarin waya kafin a sake ɗora jirgi. Mitar gwada wuta ta gama-gari ba za ta maye gurbin wannan ba. An yi ta ne don wutar gida mai juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, saboda haka lambar da take nunawa a layin DCC sau da yawa ba daidai ba ce, kuma ko ta yi daidai, layin da babu jirgi a kai cikakken bolt zai nuna ko da wayarsa zare ce.

Idan tebur ya girma, hankali ya ce a raba shi shiyya-shiyya, kowace da nata mayankin wuta na lantarki, yadda jirgin da ya sauka a tashar kaya ba zai kashe wa babban layi wuta ba. Akwai tsohuwar dabara mai araha ta sa ƙwan fitilar birkin mota mai wat 21 a kan hanyar kowace shiyya: in shot ya faru ƙwan ya kama, ya taƙaita wutar zuwa kusan amfiya biyu. Tana aiki, amma ragewa take yi, ba ta yankewa, kuma amfiya biyu na ci gaba da ratsa wurin da ya haɗu har sai wani ya lura. Ta dace da rufin asiri na ɗan lokaci, ba da teburin da yara ke wasa a kai ba.

Wuraren sauya layi su ne suka fi cin lokaci. A inda dogon dama na wannan hanya ya ratsa dogon hagu na waccan akwai wani ɗan tsini, Ingilishi suna ce masa kwaɗo, Jamusawa kuma zuciya. In na roba ne, kamar a samfurin Insulfrog na Peco, babu wayarin da za a yi, sai dai ɗan gajeren kan jirgi mai ƙafafu kaɗan yana iya mutuwa a kai idan yana tafiya a hankali. In na ƙarfe ne, kamar Electrofrog, jirgi zai wuce sumul, da sharaɗin a raba bakinsa da roba, a kuma ja masa waya ta wani makunni da zai riƙa juya masa kan wuta duk lokacin da aka sauya hanya. Wanda ya bar wutar wannan wuri ta dogara da taɓawar harshen dogo kawai, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tsayar masa da jirgi. Haka ma layin da ya yi gewaye ya dawo kan kansa: dogon dama zai haɗu da na hagu, shot ne kai tsaye, sai an yanka ƙarafan biyu a mashiga da mafita an sa na'urar da ke juya wuta da kanta, yankin kuma ya fi jirgi mafi tsawo tsayi. Masu Märklin sun tsira daga wannan, domin nasu layin ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiya yake ba da wuta, ƙarafan gefe biyu kuma abu ɗaya ne.

Akwai masu ganin duk wannan wuce gona da iri ne, kuma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Wani zai ce teburinsa shekara goma yana aiki da wayoyi biyu. Haka ne, idan ƙaramin tebur ne a ɗakin da zafinsa ba ya sauyawa, kuma ba a taɓa fesa wa layin fenti ba. Wanda jirginsa ɗaya ne a kan katako mai mita biyu ba ya ma buƙatar DCC, tsohon DC ya ishe shi, kuɗinsa ya huta. Sai dai ana auna shawarar ne da abin da gyara zai ci daga baya. Liƙa waya a jikin dogo kafin a shimfiɗa shi aikin minti biyu ne. Yin haka bayan an rufe wurin da dutse da rami da gari guda na gidajen roba, sai an fasa abin da aka yi wata shida ana ginawa.

Wasu kuma sun sa rai ga fasahar da ba ta buƙatar waya. Yanzu ana tuƙa jirgi da wayar salula ta Wi-Fi da na'urar z21 ta Roco, akwai manhajar JMRI ta kyauta, akwai DCC-EX da ake haɗawa a kan allon Arduino da kuɗi kaɗan, Hornby kuma ya fito da dikodar HM7000 mai karɓar umarni ta Bluetooth. Duk ci gaba ne, amma abin da suka cire shi ne igiyar da ke tsakanin hannun mutum da na'ura. Injin jirgin har yanzu daga dogo yake shan wuta. Ƙananan ma'ajiyar caji da ake sa wa dikoda don ta tsallake ɗan wurin da ya mutu suna taimakawa, sai dai suna ɓoye ciwon ne, ba sa kuma sa busta ta ga shot. Waɗanda suka rabu da wayarin layi da gaske su ne masu sa batir a cikin jirgin, hakan kuwa ya fi sauƙi a manyan jiragen lambu, inda akwai wurin ajiye batirin.

Ga mai son shiga harkar daga nan yankin, inda kusan komai sai an yi odarsa daga waje, akwai abubuwan da littattafan Turai ba za su tuna masa ba. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin adafta kafin a cusa ta a soket, a kuma sa mata sitabilaiza inda wuta ke hawa da sauka ko ake amfani da janareta. Wajen sayen waya a kankare bakinta a gani: akwai ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ke wuce da kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe zalla mai kauri ɗaya zai wuce da shi. Katako yana tsukewa da hunturu ya kumbura da damina, saboda haka kada a liƙe dukkan maɗaurai da dalma don neman sauƙi. A bar 'yar tazara nan da can, in ba haka ba layin zai karkace.

Wutar gida kuwa ba ta da hurumi a ƙarƙashin tebur. Adafta da taransifoma su zauna a rufe a gefe, abin da zai shiga ƙarƙashin katako ya zama ƙaramar wuta kaɗai, domin wurin ne mutum ke kwanciya rigingine da filaya a hannu. Masu tsofaffin taransifomomin AC kuma su kiyaye haɗa bakin fitar guda biyu wuri ɗaya: idan aka zare fulogin ɗaya alhali ɗayan yana kunne, wutar tana komawa da baya ta ninku, haƙoran fulogin da ke yashe a ƙasa su ɗauki ƙarfin wutar gida. Launin waya ma a tsayar da shi tun ranar farko, ja ga dogon waje, baƙi ga na ciki, ko akasin haka, a rubuta a takarda a manna a ƙafar tebur. Bayan liƙa kowace waya a sa mita a tabbatar dogo biyun ba su haɗu ba kafin a wuce ta gaba, don neman waya ɗaya da aka juya a cikin ɗari aikin kwana biyu ne.